Matar da Ke Layi na Uku

Shekara huɗu na yi ina koyar da kwamfuta a makarantar nan kafin in san cewa tsohon da ke ja mana layin filin wasa ya taɓa zana wani abu da ya wuce layi. Laifina ne, ban taɓa tambaya ba. Ni mutum ce mai gaggawa, tafiyata da sauri, maganata da sauri, gaisuwa ma rabi nake faɗa in bar wa iska sauran. Da safe idan na shigo sai in hango shi can tsakiyar fili da bokitin farin fenti da igiya, ya duƙa yana bin igiyar da burushi. In ce, "Sannu Baba." Ya ce, "Yawwa Malama." Shi ke nan mun gama zumuncin ranar.

Yara suna kiransa Baba Layi. Shi ke jan layin fili, shi ke rubuta lambar aji a saman ƙofa, shi ke sake wa allo baƙi idan ya koɗe. Ɗakinsa yana bayan sito, ɗaki ɗaya mai taga ɗaya. Wani shugaban makaranta da ya daɗe da barin aiki ne ya ba shi, waɗanda suka biyo baya kuma babu wanda ya tuna ya karɓe. Ba ya cikin malamai, ba ya cikin masu gadi, ba ya cikin masu shara. Idan an kira taron ma'aikata ba a aika masa, idan an yi hoton ƙarshen shekara sai bayan an wanko shi wani ya ce, "Af, Baba Layi fa?" Da rana yakan zauna a benci a ƙofar ɗakinsa ya ci abincinsa shi kaɗai, rediyo a gefe yana ta surutu babu mai amsa masa.

Bari in faɗi tun yanzu abin da ni ban sani ba sai da na gama ɓarna. Abu ɗaya tsohon nan yake nema a duniya: ya sake ganin fuskar matarsa kafin idonsa ya rufe. Fuskar tana nan a ɗakinsa har sau goma sha ɗaya, amma ta yi masa ƙanƙanta. Ni Allah ya ba damar nuna masa ita, ni kuma na sa aka goge ta.

Abin ya faro ne daga malamin tarihi, mutumin da ya iya kawo shawara ya bar wa wani ɗaukar kayan. Ya ce mu haɗa darasi, mu ba 'yan aji biyar tsofaffin fostocin wasanni, irin waɗanda ake mannawa a bango a da idan za a yi dambe ko tsere. Su binciki tarihinsu a wurinsa, a wurina kuma su sa su motsi da manhajar shirya jawabi, wadda ake jera hotuna da rubutu shafi-shafi a haska a bango da majigi. Na ce to, ina fostocin? Ya ce ai kuwa ya taɓa jin an ce Baba Layi na da su. Daga nan ya tattara takardunsa ya yi gaba, ban sake jin bakinsa a maganar ba sai ranar tafi.

Ranar na fara shiga ɗakin Baba. Gadon ƙarfe, kujera ɗaya, risho, gwangwanayen fenti an jera su daga babba zuwa ƙarami, burusai a cikin kofi an wanke su tas an juya gashinsu sama. Ni da nake ji da tsabta sai da na raina kaina. Ya taka kujerar da ƙyar, ya lalubo wani bututun roba da ya ɗaure a jikin rufi, an toshe bakinsa biyu da tsumma. Da ya fara warware takardun a kan gado sai na matso kusa na zuba musu ido. Ga ɗan dambe mai jan wando ya kai naushi, ga 'yan tseren keke sun karkata a kwana, ga mai tsaron gida ya tashi sama hannunsa ya kusa taɓa ƙwallo. A bayan kowane gwani kuwa 'yan kallo ne cike, layi bisa layi.

Na ce, "Baba, ina ka samo waɗannan?"

Ya ce, "Samowa? Ni na zana su, Malama."

Ɗan tela ne shi, amma hannunsa bai karɓi allura ba. Yana da shekara goma sha huɗu babansa ya gaji da ganin zane a jikin yadin mutane, ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani mai rubuta allon shaguna. Shekara uku yana wankin burushi da dama fenti. Ranar da aka fara ba shi zane, 'yan kallo aka ba shi. Haka sana'ar take, in ji shi: maigida ke zana gwani, almajirin sana'a ya cike baya. Cikewar ma ba wani abu ba ne, ɗigo baƙi ka ɗora a kan ɗigo fari, ka yi ta jerawa har takarda ta cika, daga nesa sai a ga taro. Shi kuma sai ya riƙa yi wa ɗigon ido da baki. Wannan ya hangame baki yana ihu, wancan ya dafe kai, wani yana cin gyaɗa bai damu da wasan ba. Maigidan ya sha ja masa kunne a kan ɓata lokaci, bai daina ba.

Da ya buɗe shagon kansa, masu shirya wasanni a babban filin gari suka riƙa kawo masa aiki. Ya zana a babban allo, a kai gidan ɗab'i a buga da yawa, a manna a tasha da kasuwa da ƙofar asibiti, shi kuma a ba shi guda ɗaya ya ajiye. Shekara ashirin yana wannan. Daga baya aka fara buga fosta da hoton kyamara, kwana ɗaya an gama, sai aka daina taka ƙofar shagonsa. Ya koma rubuta lambar gida da ta mota, daga nan sai layin fili. Da yake ba ni labarin babu ɗaci a bakinsa, ya ce layi ma zane ne, in ka karkace kowa zai gani.

Sauran labarin bai faɗa mini ranar ba, daga baya na ji shi, amma nan ne wurinsa. Matarsa mai saƙa ce, kayan sanyin jarirai take saƙawa, kuma abu biyu ta tsana a rayuwarta: hayaniya da kyamara. Ba ta taɓa taka filin wasa ba. In aka ɗaga kyamara sai ta kare fuska da hannu. Hotunanta biyu tak suka taɓa mallaka, su ma ruwa ya cinye su shekarar da rufin tsohon gidansu ya faɗo a kan akwati. To tun fostarsa ta farko bayan aurensu, don tsokana, sai ya zana ta cikin 'yan kallo, layi na uku daga ƙasa, ɓangaren hagu, da ɗankwalinta rawaya. Kowa a taron yana kallon gwani, ita kaɗai take kallon wanda ya tsaya a gaban fostar. Da ta gani ta ce, "Kai dai ba ka da aikin yi. Ni ka saka cikin 'yan ihu?" Ya ce mata, "Ai duk garin nan babu wanda ya kai ki zuwa kallon wasa." Tun daga nan babu fostar da ya zana bai saka ta ba, kuma yadda take a shekarar haka yake zana ta. Fuskar ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba.

Shekara tara ke nan da rasuwarta. 'Yarsu ɗaya, tana aure a wani gari mai nisa, tana kiransa sau ɗaya a mako ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta, shi kuma ya ce wa zai ja wa yaran nan layi. Sai idon ya fara. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa a hankali, babu aikin da zai dawo da ita, sai dai magani ya rage mata gudu. Ƙananan abubuwa suka fara tafiya, rubutun jarida, lambar waya, sannan fuskar da ke layi na uku. 'Yar ta aiko masa da gilashin ƙara girma, ya ce hazon kawai ya ƙara wa girma. Manyan abubuwa masu haske kuwa yana ganinsu sarai. Abin da ya fi ƙona masa rai, in ji shi, yana ganin 'yar tallan sabulu a ƙaton allon da ke mahaɗar titi, har haƙoranta yana ƙirgawa, amma ba ya ganin matarsa.

Ni duk ban san wannan ba a ranar. Na dai yi masa bayanin darasin a tsaye, na ce za mu haska fostocin a bangon ɗakin kwamfuta, su cika bango tun daga sama har ƙasa. Sai na ga ya bar naɗe takardar da ke hannunsa.

Ya ce, "Bango guda, Malama?"

"Bango guda, Baba."

"Komai da komai zai fito? Har ƙanana?"

Na ce, "Ko ƙuda ne ya sauka a kai, sai ka ga ƙafafunsa."

Ya yi dariya, ya mayar da su cikin bututun da kansa, ya toshe, ya miƙo mini da hannu biyu. Dattijo ne mai kunya, ni kuma sa'ar 'yarsa ce, ba zai buɗe baki ya ce mini matarsa yake so ya gani ba. Ya ɗauka ya tambayi abin da ya kamata, kuma an ba shi amsa.

Mako uku muka yi a kan aikin. Na raba yara rukuni goma sha ɗaya, kowane rukuni da fostarsa. Na ɗauki hotunan da wayata na zuba musu a kwamfuta, ainihin takardun kuma na kulle a kabad, don na san hannun 'yan aji biyar. Ga yadda ake yi. Ba za ka iya sa ɗan tseren keke ya yi gudu ba alhali yana manne da filin da 'yan kallo, sai ka yanko shi tukuna. Manhajar tana da maɓallin cire baya. Kana dannawa sai ta shafa wa duk abin da za a zubar launin shunayya, ta bar gwani, kai kuma ka bi gefe-gefe da linzamin kwamfuta kana gyarawa. In ka gama ka danna, sai bayan ya ɓace, gwani ya tsaya shi kaɗai a farin shafi. Daga nan sai ka ja masa hanyar da zai bi, ka saka masa sauri, ka sa sunan wasan ya faɗo daga sama.

Ni kuwa a kan tsabtar yanka na ɗora rabin maki. Ina zagayawa ina cewa, "Kada in ga ko kunnen ɗan kallo ɗaya. Duk tarkacen nan a share." Wata yarinya a rukuni na shida ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, mutanen nan fa kowa da irin fuskarsa." Ko tsayawa ban yi ba, na ce, "Wa ya zo kallon 'yan kallo? Goge." Ta goge. Sau goma sha ɗaya launin shunayya ya rufe layi na uku, ina tsaye a kai ina yaba wa masu hannu mai kyau.

Ranar nuni Baba ya riga kowa zuwa da kusan awa guda. Ya yi aski, ya sa riga mai karin guga da hular da ban taɓa ganinsa da ita ba. Yara suka yi ta tsokanarsa, "Baba Layi ango!" Ya ce su bar shi, yau ranarsa ce. Ya ja kujerarsa gaba, ya ƙara ja, har sai da na ce, "Baba, za ka tare hasken." Ya matsa gefen hagu ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Aka ja labule, na kunna majigi.

Gaskiya yaran sun burge. 'Yan keke suka shigo ta hagu suka fita ta dama, tayoyi na juyawa. Mai tsaron gida ya tashi ya cafke ƙwallo, aji ya ɗauki sowa. Rukuni na huɗu sun yanke hannun ɗan dambe daban don ya riƙa kai naushi, sai hannun ya tsinke ya yi ta zagaya bango shi kaɗai, shugaban makaranta ya yi dariya har da share hawaye. Wani ɗan gudu ya yi tserensa da baya. Malamin tarihi ya miƙe ya karɓi tafi kamar shi ya yi mako uku yana bin gefen hoto da linzami. Ina gefe ina jin daɗi, na lura dai duk shafin da aka buɗe sai Baba ya miƙa wuya ya duba ƙasa ta hagu, inda babu komai sai farin bango. Na ɗauka idon ne ke damunsa.

Da aka gama, shugaba ya ce Baba ya yi magana, tunda aikinsa ne. Ya miƙe a hankali, ya ce, "Yaran sun yi ƙoƙari. Allah ya yi musu albarka." Ya tsaya kamar akwai saura, sai kuma ya zauna. Aka tafa masa, aka buɗe labule, kowa ya watse. Na gan shi ta taga yana tsallaka fili shi kaɗai, ya cire hular ya riƙe a hannu.

Washegari na mayar masa da bututun, ina ta zuba godiya da sauri don ina da aji. Ya karɓa ya ajiye a cinya.

Ya ce, "Malama, in tambaye ki mana. Mutanen fa, ina kuka kai su?"

"Waɗanne mutane, Baba?"

"'Yan kallo."

Na yi dariya na ce, "Ai gogewa ake yi, Baba. In ba a cire su ba gwani ba zai motsa ba."

Ya jinjina kai ya ce, "Haka ne. Maigidana ma da ya ga wannan na'ura da ya so ta." Ya daɗe yana murza tsumman bakin bututun. Sannan ya zaro takarda ɗaya ya shimfiɗa a gado, ya ce, "'Yata, ara mini idonki. Ki ƙirgo layi uku daga ƙasa, ta hagu. Akwai mai ɗankwali rawaya?"

Na duƙa na duba. Tana nan, ta ɗage gira ɗaya, tana kallona kamar na shigo mata ɗaki ba sallama. Ya zaro ta biyu, tana nan. Ta uku, tana nan. Kowace na ce tana nan sai ya ce, "To, madalla." A nan ya ba ni labarin, kansa a sunkuye, bai kira sunanta ba ko sau ɗaya, sai dai ya ce maman yarinyar. Ban je ajin ba ranar. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa fuskata, duk da na san ba ganinta yake sosai ba.

Na ce, "Gobe, Baba. Wallahi gobe zan haska maka ita, ita kaɗai, bango guda."

Ya ce, "Babu gaggawa, Malama."

Ƙarya yake yi don ya sauƙaƙa mini, ni kuma na karɓi ƙaryar don ta yi mini daɗi. Majigi ɗaya ne a makarantar. Da safe na tarar an ɗauke shi an kai wani taron horar da malamai, ya yi kwana goma a can, ya dawo ƙwansa a ƙone. Na rubuta takarda a sayo wani, takardar ta kwanta a teburin shugaba. Sai jarrabawa ta zo, sai makin yara ɗari uku, sai dogon hutu. Na tafi wurin mahaifiyata. Sau biyu abin ya faɗo mini a rai a can, sau biyun na ce ai fostocin suna nan, bango ma yana nan, ba inda za su je. Idon ne ban yi tunaninsa ba. Ni mai gaggawar komai, abu ɗaya da yake bukatar gaggawa shi na bari ya yi wata uku.

Ranar da aka koma makaranta, tun daga ƙofa na san an samu matsala. Layin fili ya karkace, da'irar tsakiya bakinta bai haɗu ba, kuma mai gadi ne riƙe da bokitin. Na wuce bayan sito kai tsaye. Baba yana kan benci, rediyo a kashe. Na yi sallama, ya juyo da fuskarsa wajen kafaɗata.

Ya ce, "Malama ce? Na gane takunki. Duk makarantar nan ke kaɗai ke tafiya kamar an biyo ki."

Ya ce 'yarsa za ta zo ranar Asabar ta tafi da shi, wannan karon bai yi gardama ba. Gwangwanayen fenti ya bar wa mai gadi, burusan kuma ya ce a ba duk yaron da ke so. Bai tayar da maganar majigi ba, ko da wasa.

Ranar ban yi wa kowa sannu da hutu ba. Na shiga ofishin shugaba na tsaya a kansa har sai da ya aika aka kawo ƙwan majigin, ya ce tunda yake bai ga mai naci irina ba. Na karɓi bututun, na shimfiɗa fostocin a teburin da ke bakin taga, na kawo waya dab da takarda na ɗauki layi na uku, ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe numfashi don kada hannuna ya girgiza. Na jera su a manhajar bisa shekarun da ke ƙasan kowace fosta. Ban sa rubutu ba, ban sa komai ya faɗo daga sama ba. Motsi ɗaya na saka, fuska ta dushe a hankali ta gaba ta fito a wurinta.

Ranar Alhamis bayan an tashi, na je na ɗauko shi. Ya sa rigar nan mai karin guga da hular. Na riƙe masa hannu muka tsallaka fili, karo na farko da na yi tafiya a hankali a makarantar nan. Ɗakin kwamfuta babu kowa, kujeru arba'in da mu biyu. Na zaunar da shi a gaba, na ja labule, na kunna.

Ta cika bango. Da aka ƙara mata girma sai na ga fuskar duka shafar burushi ce da ba ta wuce bakwai ba, amma mace ce sosai, yarinya mai dogon wuya da gira a ɗage, bakinta na shirin yi wa wani faɗa. Na tsaya ina jiran ya yi magana.

Ya ce, "Kin kunna, Malama?"

Na ce, "Na kunna, Baba."

Ya riƙa juya kai a hankali. Can ya ce, "Yawwa. Ga rawaya can. Na ga ɗankwalin." Murya ta sake masa. "Ta farko ce ko? Ta damben nan. Watanmu biyar da aure."

"Ita ce."

"Wuce ta biyu."

Na danna, fuskar ta dushe wata ta fito. Haka muka yi ta tafiya, ni ina dannawa ina faɗin lamba, shi yana faɗa mini abin da ke bango, kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Ta uku ta tseren keke ce, tana da cikin yarinyar, kumatu sun cika. Ta biyar suna faɗa a lokacin, da gangan ya ɗaure mata fuska, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ta takwas ya fara saka mata layi a gefen baki, ta ce ya tsufar da ita a gaban duk gari. Ina kallonta tana girma a bango, wuyan yana cika, girar tana sauka, ɗankwalin dai shi ne.

A ta tara na juyo na dube shi, sai na ga ba bangon yake kallo ba. Fuskarsa ta karkata dama, wajen taga. Labulen can bai rufu duka ba, ranar la'asar ta shigo ta gefensa ta kwanta a kusurwa, wani tsiri mai launin rawaya. Shi yake kallo tun ɗazu. Shi yake wa murmushi, shi yake ba labarin faɗan kwana biyu, matarsa kuma tana gefe bango guda tana kallon kujerun da babu kowa.

Na buɗe baki in ce, Baba, ba nan ba ne, ka juyo hagu. Gyara dai shi ne aikina, da shi na saba. Sai na rufe bakina. Na danna ta goma, na danna ta goma sha ɗaya.

Ya ce, "Ta ƙarshe ke nan. A nan na yi ha'inci, Malama. Ciwo ya riga ya fara cinta, ta rame, sai na mayar mata da kumatunta. Ta gani ba ta ce komai ba."

Na sa hannu biyu na kama majigin, da zafinsa, na fara juya shi a hankali don kada ya ji ƙara. Fuskar ta taso daga tsakiyar bango, ta bi ta kan allon sanarwa, ta bi ta kan agogo, har ta iso kusurwar da yake kallo. Na daidaita ta, ɗankwalin ya hau kan tsirin ranar, idanunta suka zo daidai nasa.

Ya ce, "Kamar hasken ya ƙaru."

"Ya ƙaru, Baba."

Ya ƙura wa kusurwar ido. A waje mai gadi yana jan bokiti a kan siminti. Sannan ya yi tambaya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya juyo ba.

"'Yata, wa take kallo?"

Na ce, "Kai take kallo, Baba."

Sai ya miƙe zaune sosai, ya kai hannu ya gyara zaman hularsa.